Kunnen bakanike da ratar tafet

Mai Boxer ya turo mashin gareji a Potiskum, yana ƙorafin da safe sai ya yi ta buga kik kafin ya tashi. Ogan garejin bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce: "Tafet ne, Malam. A bar shi ya huce."

Wannan hucewar ita ce rabin aikin. Ƙarfe na buɗewa in ya ɗau zafi, shi ya sa ake barin 'yar rata tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi, wato tafet, rata mai kaurin takarda ko ƙasa da haka. In ta yi yawa, inji ya riƙa ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. In ta matse, to nan ne matsalar, don shiru za ka ji: bawul ba ya rufuwa sosai, ƙarfi na zurarewa, a hankali bawul ɗin ya ƙone.

A Amurka, kamfanin Harley-Davidson ya miƙa wa baƙin mai wannan aiki tun 1948. Tafet ɗinsu na da ɗan fistin a ciki, mai na cika shi, shi ke cike ratar da kansa. Ko a can sai da haƙuri: in an saka sabo an ɗaure sandar da ke tura bawul, dole a jira man ya tsiyaye har sandar ta juyu da yatsu, in ba haka ba bawul na iya lanƙwashewa.

Mashinanmu kuwa, da Keke Napep ɗin da suka cika garin tun lokacin da aka taɓa hana hawa babur saboda rikicin Boko Haram, sukurori da noti ne. Oga zai juya magneto har alamar T ta daidaita, fistin yana sama, bawul biyu a rufe. Ya sassauta noti, ya zura siririn ma'auni, ya murɗa har ya ji ƙarfen na ɗan ja. Gwanintar tana wajen ɗaurewa, don noti kan ja sukurori ya ɓata saitin. Hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na ɗaurewa, sannan a sake aunawa. Yaran gareji sukan daɗe kafin yatsunsu su gane wannan jan.

Don haka in bakanikenka ya ce a jira inji ya huce, nemi benci ka zauna.