Jinjina ga Masu Jiyyar Kutare

A zamanin da kuturu ba ya cin abinci ƙwarya ɗaya da danginsa, yakan kuma rayu da bara, Kiristocin mishan na SIM suka karɓi amanar asibitocin kutare a shekarun 1930 bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Hujjarsu daga Linjila take, inda Isa Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, suka ɗauki wannan wajibi ne a kansu.

Lalle likitoci sun cancanci yabo, amma a ganina mafi girman falala tana ga ƙananan ma'aikata, waɗanda da yawansu tsofaffin majiyyata ne, masu durƙusawa kowace safiya su jiƙa ƙafar da ta daina jin zafi, su kankare kantar da ke tafinta, su wanke gyambo su ɗaure, tun lokacin allurar man chaulmoogra mai raɗaɗi har zuwan ƙwayar dapsone, ba tare da ƙyama ko gajiyawa ba.