Ƙararrawar Mutuwa a Adabin Ingilishi: Daga Al'ada zuwa Alamtarwa

A al'adar Kiristocin Turai, ana kaɗa ƙararrawar coci don sanar da mutuwa. Bugu ɗaya ake yi mai nauyi, a dakata har amonsa ya gushe, sannan a ƙara. Wannan amo ne Faransawa suke kira *glas*. A Ingila, dokar coci ta 1604 ta tanadi a kaɗa ta tun mutum yana gargarar mutuwa, sai bayan ya cika, sai kuma lokacin binnewa. A da, a ƙauyuka da dama, bugu tara na namiji ne, shida na mace, sannan a biyo da adadin shekarun mamaci.

Kaɗawar farko ita ce tushen ma'anar da kalmar ta samu a adabi. Wanda ake kaɗa wa yana da sauran numfashi, amma gari ya riga ya san makomarsa. Saboda haka ƙararrawar ta zama alamar halakar da ta tabbata tun ba ta auku ba.

A wasan *Macbeth* na Shakespeare, kashi na biyu, fitowa ta ɗaya, matar Macbeth ta kaɗa ƴar ƙararrawar cikin gida don yi wa mijinta ishara. Sarki Duncan yana barci lafiya lau, amma Macbeth ya kira amon da sunan ƙararrawar mutuwarsa. Wato an yi wa sarki shelar rasuwa kafin wuƙa ta taɓa shi.

John Donne, a littafin addu'o'insa na 1624, ya juyo da alamar kan mai sauraro: majinyacin da ke jin ana kaɗa wa maƙwabci, tasa ce ake tuna masa. Daga nan Hemingway ya samo sunan littafinsa na 1940 kan yaƙin basasar Sifaniya, wanda tauraronsa, Robert Jordan, ya ƙare kwance da karayar ƙafa yana jiran abokan gaba.

A nan ne mai fassara zai yi hattara. Ga yawancin Hausawa, ƙararrawa makaranta ko keke take tunowa, domin da baki ake sanar da rasuwa. In aka ce "ƙararrawar mulkinsa ta kaɗa", mai karatu zai iya ɗauka lokaci ne kawai ya cika. "Kwanansa ya ƙare" ya yi kusa, sai dai babu amo a ciki. Kukan mujiya yana da amo da ban tsoro, amma camfi ne. Wanda ya fi dacewa shi ne "an yanka masa likkafani tun yana raye", domin aikin jana'iza ne da ya riga mutuwa, kamar kaɗawar farko.