Fim Ɗaya, Matani Biyu: Tarken Yadda *The Gold Rush* na Charlie Chaplin Ya Iso Gidajen Jama'a

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wani fim na ban dariya wanda iyaye da 'ya'ya suka daɗe suna zama tare su kalla, watau *The Gold Rush* na Charlie Chaplin, sa'an nan a auna irin halin da ya iso gidajen jama'a a ciki, tun daga zamanin kaset ɗin bidiyo har zuwa na faifai. Sau da yawa idan aka ce a faɗi ingancin kaset ko faifai, abin da akan duba bai wuce hasken hoto da tsabtar sauti ba. Ra'ayin wannan takarda kuwa shi ne, akwai tambayar da ta riga waɗannan, watau wane matani ne aka sa a cikin faifan. Dalili shi ne fim ɗin nan iri biyu ne, dukansu daga hannun mai shi suka fito, amma labarin da suke bayarwa ba ɗaya ba ne. Wanda ya saba da nazarin rubutattun waƙoƙin ajami ya san wannan matsala, domin kafin ya ce uffan a kan jigo ko salo sai ya tabbatar da kwafin da ke hannunsa, da wanda ya kwafe shi, da abin da ya ƙara ko ya rage.

2.0 Asalin Fim Ɗin da Jigonsa

An fara nuna fim ɗin a birnin Los Angeles na Amurka ran 26 ga Yuni, 1925, lokacin da silima ba ta fara magana ba. Chaplin ne ya rubuta shi, ya shirya shi, ya kuma fito a matsayin tauraro, Roland Totheroh kuma ya ɗauki hoto. An gina labarin a kan rububin neman zinariya na yankin Klondike, wanda ya auku tsakanin 1896 da 1899, sa'ad da dubban mutane suka riƙa hawa mashigin Chilkoot cikin ƙanƙara, kowa da kayansa a baya. Wani abin da ya ja hankalin Chaplin kuma shi ne labarin ayarin Donner, matafiyan da ƙanƙara ta tsare a duwatsun Kalifoniya a hunturun 1846 zuwa 1847, har yunwa ta kai wasunsu ga cin gawar 'yan'uwansu.

Daga wannan tushe mai ban tausayi ne aka fitar da dariya. Jigon fim ɗin yunwa ne da kaɗaici. Tauraron, wani matalaucin mahaƙi, ya maƙale a wata bukka tare da ƙaton nan Big Jim, wanda Mack Swain ya fito a madadinsa. Da abinci ya ƙare sai ya dafa takalminsa, ya kawo shi bisa faranti da ladabi irin na babban otal, ya naɗe igiyoyin kamar taliya, ya tsotse ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Can kuma yunwa ta juya wa Big Jim ƙwaƙwalwa har ya riƙa ganin abokinsa a siffar ƙatuwar kaza. A daren sabuwar shekara mahaƙin ya shirya wa Georgia, 'yar rawar da yake so, liyafa, ba ta zo ba, barci ya kwashe shi, ya yi mafarkin yana yi mata rawa da 'yan dunƙulen burodi biyu da ya soke da cokula masu yatsu. Yaro yana dariyar kaza da burodi, babba kuwa yana ganin talaucin da ke ƙarƙashinsu, shi ya sa fim ɗin ya dace da iyali baki ɗaya.

3.0 Matani Biyu: 1925 da 1942

A 1942, bayan silima mai magana ta kori marar magana daga kasuwa, Chaplin ya sake fitar da fim ɗin. Ya cire allunan rubutun da ke bayyana zancen 'yan wasa, ya sa muryarsa tana ba da labari, ya haɗa kiɗa, ya kuma datse wasu wurare har tsawon ya koma minti 72. Aikin ya karɓu, domin an sa shi cikin 'yan takarar kyautar Oscar ta fannin kiɗa da ta ɗaukar sauti.

Daga cikin sauye-sauyen, biyu sun taɓa zuciyar labarin. Na farko shi ne batun wasiƙa. A matanin 1925 Georgia ta rubuta wasiƙar ban haƙuri da soyayya ga Jack, saurayinta mai taƙama, shi kuma don mugunta ya sa aka miƙa wa mahaƙin. Saboda haka murnar da mahaƙin ya yi murna ce ta wanda aka yaudara, mai kallo ya sani, shi bai sani ba, dariyar wurin tana da ɗaci. A matanin 1942 kuwa an gyara abin ya zama Georgia ce ta aika masa da wasiƙar kai tsaye, ɗacin ya tafi, halin Georgia ya yi laushi tun kafin lokacin da labari ya shirya masa. Na biyu shi ne ƙarshen fim. A 1925 an rufe shi da sumba tsakanin masoyan biyu a cikin jirgin ruwa, a 1942 an cire sumbar, an tsaya a inda suka kama hanya tare.

Bayan waɗannan akwai batun muryar kanta. Wasan Chaplin na jiki ne da fuska, kuma ƙarfinsa shi ne yakan bar mai kallo ya gano abin da ke faruwa da kansa. Idan murya ta riga ta gaya maka cewa mutumin nan yana jin kunya ko yana jin tsoro, to, an ɗauke maka aikin da daɗin kallon yake cikinsa. Ban da haka, muryar Ingilishi take yi tun daga farko har ƙarshe. Iyalin da ba su jin Ingilishi sosai, ko a Kano suke ko a Damagaram, matanin 1925 ya fi musu sauƙi nesa, domin allunan rubutunsa gajeru ne, mutum ɗaya zai iya fassara wa sauran ba tare da an rasa kome ba.

Duk da haka, adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matanin 1942 shi Chaplin ya tsaya a kansa har ya rasu a 1977, shi ne kuma magadansa suka ɗauka a matsayin tabbatacce. Kiɗansa ya zauna daram da motsin 'yan wasa, musamman a rawar burodi, gajartarsa kuma ta dace da haƙurin yara. Sai dai haƙƙin mai aiki na ya gyara aikinsa bai shafe haƙƙin mai nazari na ya ga abin da aka fara yi ba.

4.0 Zamanin Kaset da Faifai Masu Araha

Dokar Amurka ta wancan lokaci ta bukaci a sabunta rajistar haƙƙin mallaka bayan shekara 28. Ba a sabunta ta matanin 1925 ba a 1953, saboda haka aka ɗauke shi a Amurka tamkar kayan kowa. Da bidiyo ya shigo gidaje, ƙananan kamfanoni da yawa suka riƙa buga shi a kaset na VHS, daga baya a faifan DVD, suna sayarwa da araha. To, araha ba ta ado. Illolin waɗannan kwafe-kwafe sun kasu kashi huɗu.

Ta farko ita ce dusashewar hoto. Galibinsu daga ƙananan fina-finai masu faɗin milimita 16 aka ɗauko su, waɗanda su ma kwafin kwafi ne. Duk lokacin da aka kwafi fim daga wani kwafi, launin toka-toka da ke tsakanin fari da baƙi yakan ragu. A fim ɗin da rabinsa ƙanƙara ce, wannan babbar hasara ce. Layin mahaƙan da ke hawa dutse a farkon fim, wanda aka ɗauka kusa da garin Truckee da ɗaruruwan mutane, yakan koma wani baƙin zare bisa farin ƙyalle. Fuskar Chaplin kuma, da yake an shafa mata farin kwalli, takan zama fayau, ba a ganin motsin gira da na leɓe, alhali rawar burodi rabinta a fuska take.

Ta biyu ita ce saurin tafiyar fim. Silima mai magana tana tafiya da hoto 24 cikin daƙiƙa guda, amma a zamanin marar magana da hannu ake juya na'urar ɗaukar hoto, saurin kuma ba tsayayye ba ne. Wanda ya buga fim ɗin ba tare da lura da wannan ba, ko dai 'yan wasa su riƙa zabura kamar an tsikare su, ko su riƙa jan jiki. Har wa yau, tsarin talabijin na PAL, wanda aka yi amfani da shi a Ingila da Nijeriya, hoto 25 yake nunawa cikin daƙiƙa, watau ƙarin sauri na kusan kashi 4 cikin 100. Ga wasan da ya dogara ga auna lokaci, kamar wurin da bukka ke lilo a bakin rami, kowane ɗan jinkiri da kowace zabura lissafi ne.

Ta uku ita ce datse gefen hoto. Chaplin ya fi son a ɗauke shi daga kai har ƙafa, domin tafiyarsa da manyan takalmansa suna cikin wasan. Sa'ad da aka ƙara layin sauti a jikin fim, wani yanki na gefen hagu na hoton ya tafi, masu kwafin gaggawa kuma suka ƙara datse sama da ƙasa. Akwatunan talabijin masu faɗi sun zo da tasu ɓarnar, domin sukan miƙe hoton da aka yi da ma'aunin faɗi 4 tsawo 3, sai siririn mayunwaci ya koma gajeren ƙosasshe.

Ta huɗu ita ce kiɗa. Akan liƙa duk wani kiɗan da ya samu kyauta, ko ya dace da wurin ko bai dace ba, har a ji kiɗan annashuwa a daidai inda mahaƙin yake tsaye shi kaɗai a waje yana leƙen masu biki.

5.0 Aikin Gyara da Fitowar 2012

Da yake an taɓa ainihin kayan fim ɗin wajen shirya matanin 1942, na 1925 bai tsira cikakke a wuri guda ba. A 1993 masanan tarihin silima biyu, Kevin Brownlow da David Gill, suka harhaɗa shi daga kwafe-kwafen da suka rage. A kan wannan aiki ne aka ɗora gyaran da kamfanin Criterion ya fitar a 2012 a faifan Blu-ray da DVD, da haɗin gwiwar ma'ajiyar fina-finai ta birnin Bologna na Italiya. An sa matanin biyu tare, na 1942 mai minti 72 da na 1925 mai minti 88, da sharhin Jeffrey Vance, marubucin tarihin Chaplin, a kan na 1925.

Babban abin yabo a nan shi ne an bar wa mai kallo zaɓi, an kuma gaya masa abin da yake zaɓa. Launin toka ya dawo, ana ganin tsumman rigar mahaƙin da tururin tukunyar takalmi, an kuma bar ƙwayoyin da ke jikin fim ba a goge su har fuska ta zama kamar roba ba. Amma akwai abubuwa biyu da ya wajaba mai nazari ya riƙe. Na farko, kyan hoton matanin 1925 ba bai ɗaya ba ne, yakan sauya daga wuri zuwa wuri gwargwadon kwafin da aka samo yankin daga ciki. Na biyu, kiɗan da aka sa masa, wanda Timothy Brock ya tsara ya kuma jagoranta, daga kiɗan Chaplin na 1942 aka ciro shi aka faɗaɗa. Ke nan idon mai kallo yana 1925, kunnensa yana 1942. Kama da wane ba ta wane. Wannan ba aibi ba ne ga masu gyaran, tun da abin da ya samu suka yi aiki da shi, amma kuskure ne a koyar da ɗalibai cewa wannan shi ne daidai abin da mutanen 1925 suka gani suka ji. Aikin bai tsaya nan ba, domin a 2025, da fim ɗin ya cika shekara 100, an nuna wani sabon gyara na matanin 1925 a bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hukuncin da mutum zai yanke wa wannan fim ya rataya ne ga kwafin da ya faɗo hannunsa. Wanda ya san shi ta dusasshen kaset zai ce wasan zabure-zabure ne na mutanen da. Wanda ya san shi ta matanin 1942 kaɗai zai ce tatsuniya ce mai daɗi da wani dattijo yake bayarwa. Wanda ya ga na 1925 cikin kyakkyawan hoto shi ne zai ga mugunta da wulaƙancin da dariyar ta tsiro daga cikinsu.

Saboda haka wannan takarda tana ba da shawara uku. Duk mai rubuta sharhi a kan fim ɗin ya fara da faɗin matanin da ya kalla, da shekarar fitowar faifan, da tsawonsa. Ɗakunan karatu na sassanmu, idan za su sayi irin waɗannan fina-finai, su nemi fitowar da ta haɗa matanin biyu, ko da ta fi tsada. Malamin da zai koyar da shi kuma ya nuna wa ɗalibai wurin wasiƙar nan a matanin biyu, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya tambaye su wace Georgia ce suka gani.