Jinjina ga Masu Gina Sabar Wasiƙa

Rahoton da asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi ke turawa Maraɗi ta imel yana ratsa sabar da wani ya ɗora, kuma wannan mutumin ya cancanci jinjina. Idan ya sauko da tushen manhaja irin Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, ba ya gaggawar harhaɗa ta. Sai ya gwada sa hannun dijital na PGP da makullin marubucin, domin ya tabbata ba a taɓa kayan a hanya ba. Sannan ya liƙa facin gyara. In facin ya ƙi zama, ya buɗe fayil ɗin da aka ƙi karɓa, ya bi layi-layi har ya gano inda sigar ta sauya. Haƙuri ke nan irin na mai ɗinkin hula.

Wani zai ce yanzu kowa WhatsApp da Gmail yake amfani da su, to wahalar ta mece ce? Ai su ma injiniyoyi ne ke tsare sabobinsu, kuma hukumar da ke son riƙe sirrin takardunta dole ta samu tata sabar. Wani kuma ya ce sa hannu ba ya hana cuta. Gaskiya ne: ƙofar ɓoye da aka dasa cikin manhajar xz ta zo da sa hannun mai kula da ita. Amma a Maris 2024 injiniya Andres Freund ya bankaɗo ta, saboda ya lura shiga wata na'ura ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai har ya kai ga tushen matsalar.