Mota ta sauka da dankali, ta hawo da kayan Sin

Jama'a, duk wanda ya zauna da direbobin manyan motoci a Farin Gada ya san kukansu. Su yi lodin tumatir da kabeji da dankalin Bokkos, su gangara Hawan Kibo da addu'a a baki, kowane shinge sai an miƙa na goro har Legas. In za su dawo, me ke bayan motar? Atamfa, fitilu, tayoyi, yawanci daga Sin. Sai su ce Sinawa sun kashe mana masana'antu.

Ba su yi ƙarya ba, amma wa ya yi odar kayan? Mu 'yan kasuwa ne. Kafin masaƙun Kakuri na Kaduna su rufe, tuni mun koma sarin atamfar waje don araha, rashin wuta ya ƙarasa su. Kuzar da kakanninmu suka zo Jos haƙa, yau ɗanya ake fita da ita.

Direba ɗan aike ne. Kafin mu zargi na nesa, kowa ya leƙa shagonsa ya ƙirga kayan gida nawa ke kan kanta. Allah Ya sa mu gyara, Ya tsare matafiya.