Farar Ƙasar Ƙanƙara da Shanun Birnin Kudu

Idan salla ta matso, ko za a kawo amarya, matan ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kan jiƙa farar ƙasa a kwatarniya, su sa tsumma su shafe ɗaki. Wata ta ƙara da jar ƙasa a gindin bango. Ba wanda ke kiran wannan aiki fasaha, alhali a ganina shi ne tushen zane da launi: a samo ƙasa mai kala, a niƙa, a dama, a shafa. Farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna da ita ma tana cikin kayan da masana'antu ke haɗa fentin gwangwani da su a yau.

Dabarar ta tsufa ƙwarai. A kogon Bulombos na Afirka ta Kudu an tono ɓawon katantanwar teku guda biyu da aka dama jar ƙasa a ciki, haɗe da gawayi da garin ƙashi mai maiƙo, ga kuma duwatsun niƙa a gefe. Shekarunsu sun kai 100,000. Abin lura a nan shi ne maiƙon. Ƙasa da ruwa kaɗai, da sun bushe sai su kakkaɓe. Wanda ya fara tunanin ƙara abin da zai riƙe launi a jikin dutse ko fata, shi ya ƙirƙiro fenti. Hotuna sun zo daga baya, irin aladen daji na tsibirin Sulawesi a Indunusiya mai shekara 45,500, da dawakin kogon Lasko na Faransa da aka gano a 1940.

Namu zanen na gida yana Birnin Kudu, a Jihar Jigawa. A shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, a ƙarƙashin duwatsun da suka yi rumfa, inda ruwan sama ba ya bugu. Shanu ne akasari, da ja da fari da baƙi, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere. A kusa kuma akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke amo kamar kuge, jikinsu duk gurbin duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shanun nan ba su da tozo. Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san bunaji da rahaji da tozonsu suke tafe. Mai zanen kuwa abin da idonsa ya gani a makiyaya ya sa a dutse, wato irin shanun da suka riga masu tozo zama a ƙasar nan, waɗanda danginsu, kamar muturu, suka rage a kudu inda suke jure cizon ƙudan tsando. Ya san dabbarsa sarai: lanƙwasar ƙaho, faɗin ƙirji, yadda ƙafa ke tsayawa. Littattafan tarihinmu sun adana sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu, amma kamannin saniyar wancan zamani sai a Dutsen Mesa za ka gan su, da ƙasar da aka niƙa da hannu.