Masu Hango Gajiyar Zuciya Tun Ba Ta Kasa Ba

Mai hawan jini yakan yi shekaru bai ji komai a jikinsa ba. Yana zuwa kasuwa, yana noma, yana hawa bene, alhali zuciyarsa tana fama da tura jini cikin jijiyoyin da suka yi tsauri, sau wajen dubu 100 a kowace rana. Ranar da ƙafa ta kumbura, haki ya hana shi isa masallacin unguwa, barci ya gagara sai ya tara matashin kai biyu ko uku, ɓarna ta riga ta yi nisa. Akwai likitocin zuciya da ma'aikatan ɗaukar hotonta da suka gwanance wajen hango wannan rana tun tana nesa, kuma a ganina ba a yaba musu yadda ya kamata.

Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka soma a 1948, ya nuna a rahoton 1996 cewa cikin mutum 100 da zuciyarsu ta gaza, 91 hawan jini ne ya fara kama su. A 2012 kuma aka duba majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. Kusan rabinsu hawan jini ne silar gazawar, kuma matsakaicin shekarunsu 52 kacal. Magidanta ne da iyaye mata masu yara a gabansu.

Aikin tura jini zuwa jiki yana kan ɗakin ƙasa na hagu a zuciya. Idan nauyi ya yi masa yawa sai bangonsa, wanda a lafiyayye bai cika wuce santimita ɗaya ba, ya yi kauri. Kaurin nan taimako ne da farko. Daga baya naman ya sandare, tabo ya shiga tsakaninsa, ya daina sakin jiki sosai don ya cika da jini, ɗakin da ke samansa ya soma buɗewa saboda cunkoso.

Duk wannan ana ganinsa da na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya ta hanyar sauti. A 1953 likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara gwada ta a Lund ta ƙasar Suwidin, da na'urar da suka aro daga masu ƙera jiragen ruwa, wadda ake neman tsaga a ƙarfe da ita. Amma na'ura ba ta isa ita kaɗai. Ka tsaya ka kalli gwani yana aiki. Zai ce, "Baba, juya ta hagu, sa hannu ƙarƙashin kai." Ya shafa mai sanyi, ya lalubi ɗan gibin da ke tsakanin haƙarƙari, ƙasa da nono, inda tsinin zuciya yake bugawa. Huhu yana tare hoto, ƙashi ma haka, don haka sai ya ce, "Fitar da numfashi, riƙe haka." Ya ɗan karkata wuyan hannu kaɗan, sai ɗakuna huɗu su bayyana tangaram. In ya kauce wa tsinin ko da kaɗan, ɗakin zai fito a gajarce, duk awon da ya biyo baya ya zama na ƙarya. Gwani ba ya yarda da hoton farko.

Awon da aka fi sani shi ne kason jinin da ɗakin ke fitarwa a bugu ɗaya. Daga kashi 50 zuwa 70 cikin 100 lafiya ne. Idan ya sauka zuwa 40 ko ƙasa, famfon ya raunana. Sai dai a mai hawan jini wannan adadi yana iya ruɗin mutum. Bango mai kauri da ƙaramin ciki suna iya ba da kashi 60 alhali naman ya soma gajiya. A nan gwaninta take. Zuciya ba matsewa kawai take yi ba, tana gajarcewa daga sama zuwa ƙasa tana kuma murɗawa, kamar yadda mai wanki ke matse riga. Zaren naman da ke gajarta ta yana can ciki-ciki, inda jini ya fi wuyar isa, shi ya sa shi ke fara jigata. Na'urorin yanzu suna bin ɗigo-ɗigon da ke cikin hoton naman, su auna yawan gajarcewar. Lafiyayya takan gajarce da wajen kashi 20. In ta faɗi ƙasa da 16, gwani ya san akwai magana, ko da majinyaci yana cewa garau yake.

Ba ya tsayawa kan awo ɗaya. Yana duba takardar ECG ta awon bugun zuciya, yana neman gwajin jini na BNP, sinadarin da zuciya ke saki idan ta takura, wanda masana a Japan suka gano a 1988. Ya san ƙiba tana rage shi, tsufa da ciwon ƙoda suna ƙara shi, don haka ba ya karanta lamba ba tare da kallon mai ita ba. Yana tambayar ciwon suga, yana ɗauko hoton bara ya jera da na bana, domin saukar da ake yi a hankali ta fi lamba guda faɗin gaskiya.

Amfanin wannan hange shi ne a wannan mataki ana iya juya lamarin. Kaurin bango yana raguwa idan aka dage da magani, aka sassauta gishiri da magi da kanwa. Gwajin SPRINT na 2015 a Amurka, kan mutum fiye da 9,000, ya nuna sauko da lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 120 maimakon 140 ya rage gazawar zuciya da fiye da kashi ɗaya bisa uku.

A asibitocinmu da yawa na'urar tsohuwa ce, ba ta da manhajar bin ɗigo. Gwani bai rasa dabara ba. Yakan sa ido kan zoben ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu, ya auna nisan da yake sauka a kowane bugu. A lafiyayya yakan wuce santimita ɗaya. In ya ga zoben yana ɗan motsi kawai, sai ya ƙara magani, ya ce, "Hajiya, bayan wata uku ki dawo mu sake dubawa."